Sanduna Shida Na Kawu Sun Hana Injina Fitar Da Zobe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, domin mutanen Jega suna da yawa a gidan nan. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya ɗau zafi.

Na karanci injiniya, na dawo gida ba aiki, sai na ce maimakon zaman banza bari in haɗa firinta irin mai narkar da roba tana ƙera kaya. Burina in riƙa fitar da kan feshi da ƙananan zobba na injin ban ruwa, waɗanda in suka fashe sai manomin albasa ya bar gona ya tafi nema. Irin wadda na zaɓa tana da ginshiƙai uku, kowanne da sanduna biyu, duka shidan sun haɗu a ƙasa sun riƙe bakin da robar ke fitowa. Dole shidan nan su zama tsawo ɗaya cif, kuma gaɓar da ke bakin kowace sanda ta juya ko'ina ba tare da ta yi lakolako ba.

Gaɓoɓin nan kaɗai sun ci min wata biyu. Na fara da boris ɗin babur, ya yi nauyi. Na koma ƙwallon ƙarfe da maganaɗisu, da injin ya ɗau gudu sai sanda ta fice ta faɗo kan aikin. A ƙarshe na samu ƙananan gaɓoɓi masu ƙwallo a ciki, suka zauna daidai. Saura sanduna, kuma a nan kawuna ya shigo.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, mai walda a Jega Firchin, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, a shagonsa na fara riƙe guduma. Da ya ga abin da nake yi ya ce babu wanda zai yanka sandunan nan sai shi. Na ji daɗi. Ya yanka, ya huda, ya goge su har suna ƙyalli.

Na ɗaura, na sa injin ya fitar da zobe, sai ga abu kamar ƙwai. Na sake, ƙwai. Na zargi kwamfuta, na zargi bel, na kwance gaɓoɓin nan ya fi sau goma ina wanke su ina mayarwa, har matata ta fara tambayata ko kaji zan koma kiwo. Sati uku ina wannan haukan kafin ya faɗo min in auna sandunan. Ta shida ta fi ta farko da kusan milimita biyu. A ƙofar gida ko garma wannan ba komai ba ne, a injina kuwa shi ne komai.

Da na bincika sai yadda ya yi aikin ya fito. Ta farko kawai aka auna da tef, wani maƙwabcinsa ya karanta masa. Ta biyu ya ɗora ta a kan ta farko ya shafa da yatsa ya yanka, ta uku a kan ta biyu, haka har shida, kowace tana ƙara ɗan kaɗan. Na je shago na faɗa masa cikin ladabi, sai ya hau ni da faɗa a gaban mutane. Ya ce, "Tun ba a haihe ka ba nika yankan ƙarhe, wanga abu naka na 'yan boko shi ad da matsala." Raina ya ɓaci, na miƙa masa ma'aunina mai nuna lamba na ce to ya duba da kansa.

'Yan uwa, a juye ya riƙe shi. Ya kai shi kusa da fuska, ya ja shi nesa, ya miƙo min ya ce ai ga shi nan daidai. A nan na gane. Sai na tuna ya daɗe bai karanta saƙo a wayarsa ba, ya daina hawa babur zuwa Aliero yana cewa ciwon ƙafa ne. Idon Kawu ya tafi, shekarun wutar walda ba gilashi sun cinye shi, da yatsa yake aiki, kuma ba wanda ya sani, har matarsa.

Yanzu ga inda na tsaya. Manoma uku daga Kimba na yi wa alkawarin kan feshi kafin albasarsu ta buƙaci magani, lokacin ya matso. Akwai wani mai injin yanka a Maiyama da zai iya fitar min da shidan a tare, yini ɗaya an gama. Amma Kawu ya gama gaya wa majalisarsu cewa da hannunsa aka yi ƙashin injin nan, kuma kullum in ya zo sai ya bi sandunan ɗaya bayan ɗaya yana shafawa. Ya san aikinsa da taɓi, in na canza zai gane nan take. In na bari, injin ba zai taɓa fitar da abin kirki ba. In na fito na faɗi dalili, maganar idonsa ta fita, masu kawo masa aiki za su watse, kuma shagon nan ne abincin gidansa.

Haushinsa nake ji, wallahi, domin taurin kansa ya ci min sati uku kuma ya kunyata ni. Amma mutumin nan bai taɓa bari na ji maraici ba.

Jiya ya aiko a ce min in kawo sandunan zai sake yanka wasu, wannan karon zai kula sosai. Ga su nan na kwance na ɗaure da igiya. In kai su Maiyama, ko in kai masa in zauna kusa da shi ina karanta masa tef, mu biyu muna yi kamar ban ga komai ba? Ku da kuke da dattawa a gida, ya ake gaya wa mutum an gane ba ya gani?