Ramar Bana Ta Yi Kyau

Ɗana Deshun,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma tarin nan na ramin kwal ya sake ka. Mu nan ƙalau.

Ramar lilin ta nuna, kawunan sun yi ruwan zuma. Ka san ba a sa mata lauje, tugewa ake yi da saiwa, ga babanka da ciwon baya. Don haka ni da matarka Yulan muke ciki. Sai ta tugi dami ɗaya ta tsaya ta dafe ƙugu, wai cikin da take ɗauke da shi yana ja mata. Na ce, "Ke, ni a bakin kunya na haifi mijinki, na koma na ƙarasa layina. 'Yar birni, wa ya ce ki auri manomi?" Har maƙwabta suka yi dariya. Idan ta rubuto maka ƙorafi kada ka biye mata. Ka riƙa cin abinci da zafinsa.

Mahaifiyarka,
Guirong

Ɗana abin ƙaunata,

Ina gaishe ka, ya jiki, ya aiki? Safar da na saƙa maka ta iso?

Mun baza ramar a gona raɓa ta jiƙa ta, sai hadari ya taso. Da ta sha ruwan nan da ta ruɓe. Yulan tana kwance, ta ce, "Mama, tun safe nake ganin jini." Na ce ta ɗaura tsumma ta fito. Mun kwashe tas kafin ɗigon farko. A dami na ƙarshe ta durƙusa. Sai da muka sauke ramar a rumfa sannan babanka ya kai ta asibiti a amalanke.

Namiji ne, Deshun. Namiji ta zubar mana.

Kada ka taso, ba abin da za ka yi. Ƙwai da jan sukarin da na tanada don jego na ba ƙanwarka, tunda ba jegon. Ita Yulan ta daina magana, bango kawai take kallo. Jibi za mu fara bugun karan ramar don fitar da zare, na gaya mata wannan ko a zaune ana yi.

Zaren bana dogo ne, sul kamar gashi. Zan sa a yi maka riga.

Mahaifiyarka mai kewarka,
Guirong