Sai Tururuwa Ta Tashi

Kuka Uku, ta Gwiwa
Yuni, 1974

Zuwa ga ƙanena Sama'ilu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan muna godiya ga Allah, tunda dai da sauran numfashi. Baba yana gaishe ka, ko da yake ni ce nake ara masa baki, don bai san na rubuta ba.

An yi ruwa daren Talata, jiƙa har ta wuce kamu ɗaya. Gari duk ya fita shuka, mu kuwa muna zaune. Irin geronmu yana cikin tulun da Baba ya liƙe bakinsa da yumɓu tun bara, ya ajiye a ɗakinsa, ya ce duk wanda ya fasa ba da izininsa ba bai yafe masa ba. Shi ke nan abin da ya rage mana a duniya, da yunwa da komai ba mu taɓa shi ba.

Kai ka tafi makaranta tun kana ƙarami, watakila ka manta, to bari in tuna maka. Baba ba ya shuka sai tururuwa ta tashi. In an yi ruwan gaskiya, masu fiffike sukan fito daga bakin gidansu da hantsi su tashi sama, mazan su mutu, matan su faɗo su karya fiffikensu su fara haƙar rami. Wannan da ta karya fiffike ita yake kira uwar tururuwa. A da, lokacin da yake gani, shi yake bin su da kansa. Yanzu da ciwon yana ya rufe masa ido, cewa ya yi sai na sa masa ita a tafin hannu ya shafa.

To Sama'ilu, tururuwa ba za ta tashi a garin nan ba, don mun cinye gidajenta. Da yunwa ta matsa da rani, mata muka riƙa fita da fartanya muna haƙe su, mu zuba rushi su mutu, mu kwashe tsabar ciyawar da suka tara, mu sheƙe mu dama kunu. Da shi na riƙe Baba da yarana biyu. Bai sani ba, kuma ka san tun muna yara ko taka gidan tururuwa ka yi sai ka sha ranƙwashi.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. Can wajenku Kazaure cikin duwatsu na ji ba a haƙe su ba. Ka fita da hantsi bayan ruwa, ka samo mini uwa guda mai rai, ka sa ta a kwalin ashana da 'yar ƙasa mai damshi, ka ba Tasalla mai daddawa ran kasuwa. In kuwa za ka iya zuwa da kanka ka yi masa magana, ya fi.

Ni ce yayarka,
Dela

Kazaure
Yuni, 1974

Zuwa ga Yaya Dela,

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Na sami takardarki ta hannun Tasalla, na kuma fahimci duk abin da ke ciki. A miƙa gaisuwata ga Baba tare da neman albarka.

Game da zuwa, Yaya, a halin yanzu ba zai yiwu ba. Kamfanin da nake wa aiki yana gaggawar gama titi kafin damina ta kankama, kuma makullan sito a hannuna suke. Ko ranar Lahadi ba mu da hutu.

A nawa ganin, wannan magana ba ta kai inda kika kai ta ba. Ki zauna ki faɗa wa Baba gaskiya, ai mutum ne mai hankali. In ya ƙi, ki buɗe tulun ki shuka, idan gero ya nuna zai huce. Gidan rediyo ma sun ce damina ta sauka. Ba zai yi kyau a gan ni da girmana ina bin ƙwari a kan dutse ba, ma'aikata suna ƙarƙashina. Amma zan sa ido.

Ga garin alkama nan da sukari da sabulu na ba Tasalla. A yi haƙuri da ƙanƙantarsu.

Haza wassalam, ƙanenki mai biyayya,
Sama'ilu M. Lawal

Kuka Uku
Yuni, 1974

Sama'ilu,

Ina gaishe ka. Kaya sun iso, Allah ya ƙara buɗi. Sabulun ma ya yi amfani, mun wanke cikinmu da shi ta waje.

In fasa tulun, ka ce? Bakinka ya saba da ba da umarni. Kai kana can za ka ji labari, ni ce zan kwana gida ɗaya da uban da ya ce bai yafe ba. Na riga na binne miji a yunwar nan, ba zan ƙara wa kaina bakin uba ba. In abin mai sauƙi ne, motar Gwiwa kullum tana tashi daga tashar da ke bayan gidanka, ka zo ka fasa.

Kuma kada ka ɗauka rikicin tsufa ne kawai. Bara da aka yi ruwan farko kowa ya shuka, ya ƙone, aka sake, ya ƙone, har mutane suka ƙarar da irinsu. Baba ya ce tururuwa ba ta tashi ba, ya hana. Ashe shi ne da gaskiya. Shi ya sa bana ko sarkin noma ya zo ba zai ji ba.

An sake ruwa sau biyu. Kawu Daudu ya zo har ɗaki ya durƙusa masa, ya ce, "Yaya Lawal, wallahi ƙasa ta sha, nawa har ya tsaga." Baba ya ce, "Daudu, bara ma haka ka ce mini. Ina geron?" Kawu ya tashi ya kaɗe gwiwa ya fita. Ya ba ni 'yan cirar gonarsa na dasa a bayan ɗaki, ko sun yi ba za su cika ƙwarya ba. Iri kuwa babu a kasuwa, sai jar dawar nan ta agaji, wadda aka ce ko an shuka ba ta yi a ƙasarmu.

Kullum da hantsi sai ya ce, "Dela, je ki duba." In ɗauki gyale in je in tsaya a kan ramukan da ni na haƙe da hannuna, in ɗan jima, in dawo in ce ba su tashi ba tukuna. Ya ce, "To, da saura." Wallahi na gaji da wannan tafiya.

Ban ce ka bi ƙwari da girmanka ba. Ka bar girman a sito ka kulle, ka fita sau ɗaya. Gero ba ya jira.

Yayarka,
Dela

Kazaure
Yuli, 1974

Yaya Dela,

Gaisuwa mai yawa. Albishirinki, an dace. Jiya bayan ruwan magariba suka fito, suka rufe fitilar lantarkin da ke ƙofar sito, har leburori suna tara su a bokiti. Ko dutsen ma ban hau ba, su suka zo har inda nake. Na zaɓi manya waɗanda suka zubar da fiffike kamar yadda kika ce, na sa a kwalin ashana. Ke kika ce guda, ni na aiko da biyar.

Ina fatan yanzu za a daina ganin laifina. A gaishe da Baba da yara.

Naki,
Sama'ilu

Kuka Uku
Yuli, 1974

Sama'ilu,

Na amsa gaisuwarka don addini ya ce a amsa.

Shinge ka aiko mini. Shinge, Sama'ilu, 'ya'yan gara, wanda muke soyawa da gishiri muna yara. Ɗan Muhammadu Lawal bai san tururuwa da shinge ba. Tun da na karanta maganar fitila na san da matsala, don tururuwar da muke nema da rana take tashi. Da na buɗe kwalin na zauna a ƙasa.

Amma ni ma da nawa wautar. Na ce makaho ne, tsufa ya kama yatsunsa, watakila ya wuce. Na zaɓi mafi tauri a ciki na shiga da murna ta ƙarya, na ce, "Baba, sun tashi." Ya miƙe zaune har hularsa ta faɗi, ya buɗe hannu. Na sa masa. Ya murza ta a hankali, ya kai hanci. Ya ce, "Wannan ba ta da ƙugu. Jikinta laushi, tana warin mai. Wa ya ba ki?" Bai jira amsa ba. Ya ce, "Dela, don idona ya mutu sai ki mai da ni abin wasa?"

Nan na faɗa masa komai, da fartanyar da rushin da kunun da ya sha wata da watanni. Ga gaskiyar da ka ce in faɗa, na faɗa. Ya saurara har na gama. Can ya ce, "Da kun ɗebi tsabar kun bar musu uwarsu." Na ce yunwa ba ta bar mu mun yi tunani ba. Na durƙusa na kama ƙafarsa na ce tunda ya ji dalili ya bari a shuka, geron mutane ya kai gwiwa. Ya janye ƙafar. Ya ce macen da ta kawo masa shinge ta ce tururuwa ce za ta iya ce masa gero ya kai gwiwa. Ya ce ba dukka muka haƙe ba, dole akwai gidan da ya tsira, kuma in ruwan na gaskiya ne za ta tashi.

Yanzu ya jawo tulun kusa da kansa, da hannunsa a kai yake barci. Ya daina aikena. Duk safiyar da aka kwana da ruwa sai in riƙe masa sanda mu zaga fako, yana tsugunawa yana laluben ƙasa. Hanyar gonaki kuwa ya ƙi bi, wai kada a kai shi gonar fadama a ce masa ta tudu ce. Mata suna kallonmu daga bakin rijiya, wasu su ce Allah sarki, wasu su rufe baki da gyale.

Da ba ka aiko da komai ba da ya fi mini, don a da ko ba komai yana yarda da maganata. Ban taɓa roƙonka abu ba tun da aka ɗauke ka aiki. Safiya ɗaya na nema, ka ba ni abin da ya faɗo maka a ƙofa. Raina ya ɓaci da kai ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba.

Dela

Babura
Agusta, 1974

Zuwa ga Yaya Dela,

Gaisuwa da ban haƙuri. Takardarki ta same ni a makare, don an maido sitonmu nan Babura. Na karanta ta ban ji daɗi ba. Kuskure ne, kuma na karɓa, sai dai a tuna rabona da gona tun ina aji uku, kuma ba ni na haƙe gidajen ba.

Na hau tudu sau biyu a nan da hantsi, har takalmina ya yage. Wani Bafulatani da na tarar da shanu ya ce ai sun tashi tun farkon damina, sai kuma baɗi in da rai. Na rasa yadda zan rubuta miki wannan.

Ki ba Baba haƙuri ya bar irin nan a tulu har wata shekara, tunda lokaci ya wuce. Ni zan riƙa aiko da abinci gwargwadon hali. In Allah ya yarda zan zo da salla.

Ƙanenki,
Sama'ilu

Kuka Uku
Ƙarshen Agusta, 1974

Sama'ilu,

Gaisuwa. Takardarka ta zo jiya, ta makara.

Sun tashi ran Litinin, a maƙabarta, inda babu wadda ta yi ƙarfin halin kai fartanya. Mun je ziyarar kabarin Inna ne suka riƙa faɗo mana a ka. Baba ya tsuguna ya lalubo guda da kansa, ta cije shi a yatsa, ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun kana gida. Muna komawa ya fasa bakin tulun. Na ce, "Baba, mu bar shi sai baɗi, ruwa ya kusa ɗaukewa." Ya ce, "Ɗauko sungumi."

Ba hanyar gonarmu sai ta cikin ta Kawu Daudu. Geron ya fi Baba tsawo, ganye yana marin fuskarsa. Ya tsaya ya miƙa hannu sama, ya kamo zangarniya, ya bi ta da yatsa daga gindi har kai. Ta riga ta fara ido. Ya daɗe yana riƙe da ita. Na jira ya ce mu koma gida. Ya sake ta ya ce, "Mu je."

Ina gaba ina sara, yana biye riƙe da bakin zanena, yana neman ramin da ƙafa yana zubawa yana rufewa. Haka har muka kai ƙarshen gona, kuma bai rage ko ƙwaya ɗaya ba.

Tulun na wanke shi na zuba ruwan sha. Ka gaida iyalinka.

Yayarka,
Dela