Abin da na faɗa a taron iyaye

Talata da dare, Dogon Dutsi

Da na sani da ban buɗe baki ba a taron iyayen yara na lakwal, makarantarmu ta boko.

Direkta ya zube ledojin giya a kan tebur, waɗanda aka tsinto bayan aji. Na miƙe na ce mu je wurin hukuma, a matsa wa masu sayarwa su riƙa duba katin shaidar yaro, wanda bai kai sha takwas ba a kore shi. Wani ya ce a'a, ashirin da ɗaya. Sai Malam Isufu mai shago ya tashi.

"Madam, ke nan in ya cika sha takwas ta halatta? A addininmu giya ba ta da shekaru."

Na ce, "Malam, ban halatta ba. Kafin a rufe gidajen giyar, yaranmu fa?"

Babu wanda ya saurare ni. Da muka fito na gaida matar Malam Isufu, ta kau da kai. Kafin magariba zancen ya riga ni gida, wai Madam Hadiza ta ce a bar yara su sha. Maigida ya ci tuwo ya shige ɗakinsa.

Ba surutun ne ya hana ni barci ba. Ranar Asabar da nake wanki na ji warin abin a rigar Nasiruna. Shekararsa sha biyar. Ban gaya wa ubansa ba, kuma yanzu da wane baki zan gaya masa?

Ya Allah. Ga shi an yi isha'i tuni, Nasiru bai shigo ba.