Hatimin Tsuntsu a Shafi na Goma Sha Ɗaya

Daga: Dakta Maritza Huamán Ccori,
Tromsø.

Zuwa ga: Mai Girma Darakta,
Sashen Izinin Zama na Gwanaye,
Oslo.

14 ga Janairu, 2025

Game da: Ƙin ba ni izinin zama na dindindin bisa dalilin wai ba a san inda na shiga ba tsawon kwana 451

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina mai ladabin gabatar da kaina, ko da yake ka san fuskata. Ni ce matar da ke murmushi cikin jar rigar sanyi a babban allon da sashenku ya kafa a filin jirgin sama, wanda aka rubuta a ƙarƙashinsa cewa gwanayen duniya sun zaɓi ƙasar nan. 'Yar Peru ce ni, sana'ata binciken ƙanƙara. Na shigo a Agustan 2019 da bizar gwanaye, tare da 'yata Nayra, tana da shekara goma sha biyu. Ƙorafina shi ne kamar haka:

1. Ranar 20 ga Nuwamba, 2022, cibiyar binciken da nake wa aiki ta tura ni tashar ƙasar nan da ke Antaktika, nahiyar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya, na dawo ranar 14 ga Fabrairu, 2024. Tutar da ke kaɗawa a ƙofar tashar taku ce. Ranar 17 ga Mayu, ranar bikin ƙasarku, na fita na rera taken ƙasa cikin sanyin da ya daskarar mini da gashin ido, na ci burodi da cuku mai ruwan ƙasa ban yi ƙorafi ba, alhali Allah ya sani har yau ban saba da shi ba.

2. Ranar 3 ga Disamba, 2024, jami'arku Madam Solveig Brattli ta rubuto cewa kwanakin da mutum ya yi a waje saboda aiki ba sa hana shi izinin dindindin, matuƙar fasfonsa na ɗauke da hatimin shiga na ƙasar da ya je. To, fasfona ya nuna na fita daga Afirka ta Kudu, inda ake hawa jirgin zuwa Antaktika, daga nan shiru, sai bayan wata goma sha biyar na sake ɓullowa. Saboda haka aka rubuta a fayil ɗina cewa ba a san inda nake ba. Ranka ya daɗe, kun san inda nake. A can aka ɗauki hoton allon.

3. Na buga waya na yi bayanin cewa babu jami'in shige da fice a Antaktika, babu ma wanda ake haifa a can in ban da tsuntsayen fengwin, su kuma ba su buɗe ofis ba tukuna. Madam Brattli, wadda ina shaidar ladabinta, ta ce ta fahimta ƙwarai, har ta ce ɗanta yana son fengwin, amma gurbin da ke fom ɗin hatimi yake nema.

4. A nan ne na yi wautar da na yi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Akwai al'ada a tashar: duk wanda ya ƙare watannin duhu lafiya, ranar da rana ta sake fitowa mai dafa abinci yakan buga masa hatimin tashar a fasfo, da hoton fengwin da kwanan wata. Kowa ana yi masa, har manyan baƙi daga Oslo suna miƙa nasu suna dariya. Na tuna da shi, na yi murna kamar na tsinci dami a kala, na aika muku da shafi na goma sha ɗaya na fasfona, inda aka buga shi. Amsa ta zo ranar 8 ga Janairu: hatimin ba na wata ƙasa ba ne, don haka bai zama shaida ba, kuma tunda ba na hukuma ba ne, fasfon nawa ya zama wanda aka ɓata, sai na nemi sabo, a fara lissafin shekaruna daga farko. Garin neman gira na rasa ido.

5. Da ni kaɗai ce, wallahi da na yi shiru. Wanda ya yi shekara ashirin yana kallon ƙanƙara tana motsi ya san haƙuri. Amma Nayra za ta cika shekara goma sha takwas ranar 9 ga Maris, yau saura kwana 54. Wasiƙarku ta ce daga ranar ba ta cikin takarduna, in ban sami izinin dindindin kafin nan ba, sai ta bar ƙasar. A lokacin, saura mata wata uku ta gama sakandare. Yaren garin nan take yi, har kakarta a Peru tana cewa ba ta gane jikarta a waya. Sa'ad da nake can, maƙwabciyarmu Madam Oddny ce ta riƙe ta, kuma da ta karanta wasiƙar ta faɗi wata kalma da ba za ta shiga takardar hukuma ba. Ni kuwa tsoro nake ji, ba kuma na jin kunyar faɗa.

Saboda haka ina roƙo, cikin girmamawa, a karɓi takardar shugaban tashar da na haɗo a madadin hatimi, a yanke hukunci kafin 9 ga Maris. Idan kuwa hatimi ya zama dole, a taimaka a sanar da ni sunan hukumar da zan nema a can, zan koma in bi layi. Idan duk ba za ta yiwu ba, ina roƙon a sauke allon kafin ranar, don ta ƙarƙashinsa yarinyar za ta wuce da akwatinta.

Na haɗo da fasfon Nayra ma, ko za a duba. Tun ranar da muka shigo babu hatimin fita ko ɗaya a ciki. Ita ba ta je ko'ina ba.

Ina mai jiran amsarka da dukkan biyayya. Allah ya ƙara wa Darakta girma.

Taka mai ladabi,
Dakta Maritza Huamán Ccori