Gidan da Ba a Cin Gyaɗa

Kurfi,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayana Badamasi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Aisha Humaira da ɗan jaririnmu Abubakar Sadiƙ. Allah Ya raya shi, Ya sa mai jin ƙanku ne. Yaya ruwan Fatakwal da kake cewa ba ya ɗaukewa? Mu nan damina ta yi albarka, gero ya fitar da kai, Baban Fiddausi kullum yana gona, ita kuma Fiddausi ta shiga aji uku, bakin nan nata sai abin da ya ƙaru. Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali kusan kowace Juma'a muna waya. Sau biyu ina kiranka don in faɗa maka maganar nan, sai in ɓige da ba ka labarin gona. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Maganar Gwaggo Larai ce, amma kada gabanka ya faɗi, lafiyarta ƙalau. Ka san matar nan tun ranar da ta ɗauke mu bayan rasuwar Inna, ni ina goye kai kana riƙe da gefen zaninta, gidanta na Dutsin-Ma bai sake rabuwa da yara ba. Da muka girma muka bar gabanta, sai matan da ke aiki a jami'a da asibiti da masu shaguna suka riƙa kawo mata nasu da safe, su ɗauka da la'asar. Bana yara goma sha ɗaya ne a hannunta. Ta san kukan kowa, ta san wanda ba ya barci sai a baya, ta san wanda kunu ke ɓata wa ciki. Dokar nan tata kuma tana nan daram: ba a shiga mata gida da gyaɗa. Kai ka fi kowa sani, tunda har yau kana ba da labarin ranar da ka dawo daga makaranta da soyayyar gyaɗa a aljihu, ƙwaya ɗaya ta faɗo kan tabarma, matar da ba ta taɓa ɗaga mana hannu ba ta cire takalmi ta yi maka lilis. Mun daɗe muna yi mata dariya a ɓoye, muna cewa camfi ne irin na tsofaffi.

To, a farkon shekarar nan aka sauko da sabon tsari a kan gidajen raino. Duk mai riƙon yaran mutane sai ya yi rajista, a zo a duba wurin: rijiya a rufe, ban ɗaki mai tsabta, akwatin magani, kada yara su yi wa mutum ɗaya yawa, sannan mai gidan ya kasance da takardar shaidar horo. Wanda ya cika za a ba shi tallafin gidan sauro da tankin ruwa, wanda bai cika ba kafin ƙarshen damina a rufe. Aka haɗa mu ma'aikatan ƙaramar hukumar Kurfi da na Dutsin-Ma aka yi kwamiti ɗaya, sai ga sunana a ciki. Ba zan ɓoye maka ba, da farko tsaki na yi, na ce an samo wata hanyar takura wa talaka. Amma da muka fara zagaye na ga abin da ya sa na yi shiru. Akwai wani shago mai rufin kwano da muka shiga da tsakar rana, yara sun fi ashirin, wasu ko kukan ma sun gaji da yi, an ja ƙofa an sa sakata. Tsarin ba sharri ba ne, Yaya. Illa dai wanda ya rubuta shi, ina jin bai taɓa shiga gida irin na Gwaggo ba.

Na roƙi shugabanmu, Malam Audi, ya cire ni ranar da za a je gidanta, ya ce hannu ya yi kaɗan, in daure. Da ta gan mu sai ta ɗauka baƙi na kawo mata, ta hau shimfiɗa tabarma tana dama fura. Muna sha, ana auna ɗakinta da igiyar awo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Tsabta dai ba a samu abin cewa ba, rijiya ce kawai ba murfi. Sai aka zo kan takardar shaida. Malam Audi mutumin kirki ne, kuma da nufin taimako ya kawo shawarar a nemo wata yarinya mai takarda a rubuta ta a matsayin mai gidan, ita Gwaggo a sa ta a layin masu taimako, shi ke nan an wuce wurin. Gwaggo ta tambaya mene ne aikin masu taimako, ya karanta mata: shara, wanke-wanke, ɗebo ruwa. Ba ta kalle shi ba, ni ta kalla, ta ce in rubuta mana, ai na iya rubutu, ita ta kai ni makarantar. Biro na hannuna na kasa. Na koma Kurfi ina hawaye a cikin mota, har wata tsohuwa ta yi mini ta'aziyya.

Hanya ɗaya ta rage, wato horon kwana goma da aka shirya a nan Kurfi don waɗanda ba su da takarda. Ka san Gwaggo da zuciya. Ta ce ita da ta goyi yaran da yanzu suke da nasu 'ya'yan, ita za a zaunar a benci a koya wa goyo? Gara ta sallami yaran ta zauna ta ja carbi. Iyayen yaran ne suka taru a kanta, Musulmi da Kirista, suna roƙo, wata ta ce in Gwaggo ta rufe to ita ma ta bar aiki ke nan, don ba ta da wani hannun da za ta yarda da shi. Da ƙyar ta amince. Ta sauka a gidana, kullum da safe mu tafi tare, tana tafe tana mita. Kwana biyun farko ta zauna a baya ta harɗe hannu, duk abin da malamar ta faɗa sai ta ce a hankali, wannan kuma ai ko akuya ta sani.

Malamar wata nas ce, Madam Justina, ta daɗe a Dutsin-Ma, Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya. A rana ta uku ta zo da 'yar tsana ta roba mai girman jariri, ta ce yau za a koyi abin da ake yi idan wani abu ya maƙale wa yaro a maƙogwaro har ya kasa kuka. Ta kifa 'yar tsanar a kan damtsenta, kai ya yi ƙasa, ta buga tsakanin kafaɗu da gindin tafin hannu sau biyar, ta juyo ta ta danna ƙirji da yatsa biyu sau biyar. Ta ce abu biyu ne ba a yi: ba a zura yatsa ana lalube, don ƙara tura abin ake yi, kuma ba a ɗura ruwa. Ina waiwayawa na ga Gwaggo ta miƙe ta fita, ko takalmi ba ta sa ba.

A gindin bishiyar dogon yaro da ke bayan ɗakin taro na same ta zaune a ƙasa. Yaya, ka tuna an gaya mana ta taɓa haihuwar ɗa ɗaya, Mas'ud, ya rasu da zazzaɓi tun ba a haife mu ba? Ba zazzaɓi ba ne. Da kaka ne, a ƙauyen mijinta, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, shi kuma ya fara rarrafe. Ta juya ta ɗauko faifai, ta juyo ta gan shi ido waje, ba kuka ba numfashi. Ta zura yatsa, ta ɗura masa ruwa, ta saɓa shi a kafaɗa ta yi waje da gudu, kafin ta kai ƙofar maƙwabta ya saki. Dangin miji suka ce a ce zazzaɓi ne don kada a yi da ita a gari. Shekara arba'in da wani abu ba ta faɗa wa kowa ba, har Baba. Ta kalli tafin hannunta ta ce mini, "Ashe duka biyar ne, Huseina. Duka biyar kawai a baya. Ni kuwa yatsa na sa."

Kuka kawai na yi. Madam Justina ta fito ta zauna kusa da ita a ƙasa da fararen kayanta, ta ji abin da ya faru, ta riƙe hannunta ta ce ba wanda ya koya mata, kowace uwa abin da za ta yi ke nan, kuma kwana ne ya ƙare. Gwaggo ta ce ta san ajali, ba ta ja da ikon Allah, amma ba za a sake yi a hannunta ba. Ta share fuska da gefen mayafi, ta koma ciki, ta wuce har benci na gaba ta ce a ba ta 'yar tsanar. Sau nawa ta maimaita ban ƙirga ba, sai da aka tashi aka karɓa da lallashi.

Jarrabawar a rubuce aka tsara ta, Gwaggo kuwa ba ta boko. Madam Justina da Malam Audi suka tsaya kai da fata sai da aka yarda a yi wa irinsu da baki da kuma gwaji. Ta ci, Yaya. Ni na cike takardar rajistar da hannuna, a layin mai gida na rubuta sunanta, wannan karon biro bai yi mini gardama ba. Ba wai komai ya daidaita ba ne. An ce yara takwas kawai za ta riƙe sai ta samu ta biyu mai horo, don haka uku suna wajen wata maƙwabciya kafin surukar maƙwabciyar, wadda za ta zama ta biyun, ta shiga zagaye na gaba na horon, kuma kullum sai Gwaggo ta leƙa ta katanga ta ji ko sun ci abinci. Tallafin ma gidan sauro kawai muka gani, tanki har yau ana cewa yana hanya. Rijiya dai Ernest mai walda, uban ɗaya daga cikin yaran, ya yi mata murfin ƙarfe har da kwaɗo. Yanzu ta ɗinka 'yar tsanarta ta tsumma ta cika ta da yashi, ba uwar da ke ɗaukar ɗanta da la'asar sai ta gwada a gabanta. Har wani malamin jami'a na gani durƙushe yana bugun tsumma tana gyara masa hannu.

Baban Fiddausi yana gaishe ka, Fiddausi ta ce a tuna maka alkawarin jakar makaranta. Ka gaishe mini da Aisha Humaira da kyau, ka shafa mini kan Abubakar Sadiƙ. Gwaggo ta ce lallai ku zo da Sallah kafin yaron nan ya fara rarrafe, akwai abin da za ta koya wa uwarsa, kuma kai ma ba za ka tsira ba. Ita ta ba ni izinin in gaya maka duk wannan, kai kaɗai. Da na je gidanta, da zan taho ta rako ni har zaure, ta ce in rubuta maka cewa ka yafe mata dukan nan na ranar gyaɗa, ta ce da ƙwayar nan ta faɗo kan tabarma ba kai take gani ba. Ka kira ta, Yaya, ko ba ka ce komai ba.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Huseina