Ƙofar Jif da Waldar Surukina

Malama, ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai. Ki yi haƙuri da rubutun, sai da furfura ta fito na shiga ajin manya na yamma.

Mako uku ke nan da 'yata ta haifa mini jika, na fari, bayan shekara tara muna jira. Har yau in na tuna sai in kama murmushi ni kaɗai. To amma ga abin da ya ɓata mini rai.

Ina da tsohuwar jif irin ta shiga daji, ta girmi 'yar tawa. Hinjin ƙofar baya, wato ƙarfen da ke riƙe ta da jikin mota, ya tsage, ƙofar ta sunkuya, sai an tallafe ta da gwiwa take rufuwa. Mijin 'yata mai walda ne. Da haihuwa ta matso na kai masa, ya ce ba sai an cire ƙofar ba. Kafin in shanye ruwan da aka kawo mini ya gama, ya shafa fenti, abu sai ƙyalli.

Ranar da aka sallame su daga asibiti, na buɗe wa 'yata ƙofar, jariri na hannunta, sai hinjin sama ya ɓalle. Ƙofar ta rufto, ta daki ƙasa dab da ƙafarta. Da na koma gida na kankare fentin da wuƙa. Malama, ƙyama ta kama ni. Walda tsibi-tsibi kamar kashin kaza, a kan tsatsa, ko gogewa bai yi ba, sauran tsagar kuma ya cike ta da ƙullin gyaran jikin mota. Motar da za ta ɗauko ɗansa fa!

Yanzu ya aiko a kai masa ya sake, ni kuwa hannunsa ya fita mini a rai. In na kai wa wani, duk masu gareji a layin su surukina sun san motar, za su mai da shi abin dariya, kuma 'yata ce za ta sha fushin. Matata ta ce in yi shiru. Ga shi ranar Litinin ni zan kai jariri rigakafi, ƙofar tana ɗaure da igiya.

Kakan Jariri

Amsa: Baba, barka da samun jika.

Da farko, ranar Litinin a nemi wata motar. Ba a sa jariri kusa da ƙofar da igiya ke riƙe da ita.

Aikin ya yi muni, babu musu. Amma kana zaune aka yi shi, saurin ya yi maka daɗi, ƙyallin ma haka. Kuma wanda ya aiko da kansa a kawo, kunya na cin sa. Shirun da Mama ke so ba zai gyara komai ba, kai wa wani kuma tozarci ne.

Ka kira shi ku biyu kawai, ba a gaban 'yarka ba, ka ɗora masa karyayyen hinjin a tafin hannu. Ba sai ka ƙara magana ba. Tsohon hinjin da tsatsa ta ci bai cika riƙe walda ba, don haka ku nemo lafiyayyu biyu, sama da ƙasa, wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci. Ya sauke ƙofar, ya goge ginshiƙin motar da ake ɗaure hinjin a kai har farin ƙarfe ya fito, in akwai tsaga a nan ya ɗora farantin ƙarfe ya yi masa walda. Kada fenti ya taɓa wurin sai ka gani da idonka.

In ya gama, ka zaunar da shi a bakin ƙofar nan, ku bi hanya mai gargada ku dawo, sannan a sa jariri.

Allah ya raya shi, ya bar ku tare da surukinka cikin mutunci.