Mai Sa Mini Zare a Allura

Litinin, 1 ga Satumba

Auta ta shigo shago da yamma, ko jaka ba ta sauke ba, ta miƙo mini takarda. Ta ce asibitin da ta yi aikin koyo a hutun da ya wuce ne suka ɗauke ta aiki a ɗakin gwajin jini. Daga shida na safe zuwa sha biyu, sai ta koma ajin yamma a makarantarsu, da yake can kusa da asibitin take. Shekara ɗaya ta rage mata ta gama. Har ɗaki za su ba ta a gidajen ma'aikata. Suna son amsa kafin sha biyar ga wata, da sa hannun uba tunda ɗaliba ce.

Na riƙe takardar ina gyaɗa kai kamar mai karatu. Layuka kawai nake gani, baƙaƙe. Na ce zan duba.

Talata, 2 ga Satumba

Na gaya wa uwarta dalilaina: karatu zai lalace, yarinya ce, unguwar da nisa, ba mu san mutanen ba. Ta ci gaba da wanke kofuna. Da na gama ta ce, “Shi ke nan dalilan?” Na ce shi ke nan. Ta ce, “To.” Na tsani wannan “to” ɗin nata.

Bari in rubuta gaskiya a nan, tunda littafi ba ya kai tsegumi. Rubutun ma da manyan baƙaƙe nake yi, hannu ne ya saba. Shekara biyu ke nan ba na ganin kafar allura. Ta keken ɗinki ina iya lalubawa, hannuna ya san hanya. Ta hannu ce ta gagare ni, kuma da ita aka san ni: ramin maɓalli, kalmasa, ɗinkin da ba a ganinsa ta waje. Kullum kafin Auta ta fita makaranta sai ta bi ta ƙofar ciki ta shiga shago, ta sa zare a allurai goma sha biyu, ta soke su a ɗan matashin da ke kan tebur. Shida baƙi, uku fari, sauran gwargwadon aikin da ta ga na rataye. Ƙarfe takwas in buɗe shago in tarar da su a jere. Ni na sa ta yi mini alkawari ba za ta gaya wa kowa ba, har uwarta.

Shekara talatin da takwas ina ɗinki. Shekara ashirin ina kiran Mai Agogo na kusa da ni “mai ido huɗu”. Yanzu ni ne zan ɗora tabarau a hanci in zauna yana kallona?

In ta tafi, wa zai sa mini zare? Dalilin ke nan, kuma na san ba shi da kyan ji.

Alhamis, 4 ga Satumba

Kayan makaranta sun yi mini yawa. Kowace uwa tana son na ɗanta jiya.

Juma'a, 5 ga Satumba

Na gwada da kaina bayan azahar, da babu kowa. Na tsaya a bakin taga, na lashi zaren, na miƙe hannu iya tsawonsa, na kanne ido ɗaya. Na fi minti ashirin. Sau biyu na ɗauka ya shiga, na ja, ashe ta gefe ya wuce. Mai Agogo ya leƙo ya ce, “Tela, me kake nema a taga?” Na ce ina duba ko hadari ne. Ko ɗigon gajimare babu a sama, ya ɗaga kai ya duba ya koma shagonsa.

Auta ba ta tayar da maganar takarda ba. Ta kawo mini shayi, ta gaishe ni, ta koma ɗaki. Da ta yi mini rashin kunya ma da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 8 ga Satumba

Na ce ai ba dole sai ta kwana can ba, ta riƙa zuwa daga gida. Uwarta ta ce ba zai yiwu ba. Na ce zai yiwu, kuma zan nuna musu. Don haka yau da asuba na sa takalmi na fita da kaina.

Motar farko ba ta tashi ba sai biyar da rabi. Na sauka a mahaɗa, na jira ta biyu, ta zo a cike, na jira wata. A tsaye na yi tafiyar, wani yana taka mini ƙafa, wata da kwandonta a haƙarƙarina. Na isa ƙofar asibitin bakwai da kwata. Na tambayi kaina, wai haka yarinyar nan take yi kullum zuwa makaranta, ta dawo kuma ta tambaye ni ya aiki?

Tunda na zo, na nemi a nuna mini gidajen. Ɗaki ne ƙarami a bene na farko, gado biyu, taga ɗaya mai kallon bishiya, famfo a waje. Wadda za su zauna tare ma'aikaciyar jinya ce, dattijuwa, ta kusa sa'ar uwarta. Ta ba ni kujera da ruwa. Ta ce, “Ku ne baban yarinyar nan mai natsuwa? Ba ta taɓa haɗa kwalbar wani da ta wani ba.” Na ji daɗi har na rasa inda zan sa idona. Na nemi aibu a ɗakin, abin da na samu kawai labulen ne, an kalmashe shi a karkace.

Da na dawo uwarta ta ce, “Ya hanya?” Na ce lafiya lau, ba nisa. Ta kawo mini ruwan zafi a roba in sa ƙafa.

Laraba, 10 ga Satumba

Na ɓata. Auta ta ce a hankali, “Baba, saura kwana biyar.” Ni kuma na ɗaga murya, na ce in gidan ubanta ya ishe ta sai ta faɗa. Idonta ya cika, ta shiga ciki. Da la'asar uwarta ta ce ta tura ta gidan gwaggonta ta kwana biyu ta huce.

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Gobe babu mai sa mini zare, kuma ni na jawo.

Alhamis, 11 ga Satumba

Yau sai na rubuta da yawa, ko da hannu zai gaji.

Na buɗe shago ina tunanin ƙaryar da zan yi wa masu kaya. Na kai hannu kan matashin. Allurai goma sha biyu, kowace da zarenta. Na tsaya. Auta tana gidan gwaggonta, can wata unguwa.

Na bi zaren da yatsa har ƙarshe. Ni na koya wa Auta ƙulli: ɗaya tak, ƙarami, a datse saura da almakashi. Wannan ƙulli biyu ne a kan juna, kuma bakin zaren a tattaune yake, da haƙori aka yanke. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke yanke zare da haƙori, shekara talatin ina yi mata faɗa a kai. Abin da ya fi ba ni haushi, yatsana ya san wannan ƙullin. Ya daɗe yana taɓa shi. Na sha cewa a raina Auta ta fara ganganci, zan yi mata magana, in manta.

Na samu uwarta a kicin. Na ce, “Tun yaushe?” Ba ta ma tambaye ni me ba. Ta ce tun hutu, wata uku ke nan, lokacin da yarinya ke fita aikin koyo da duhu. Ta buɗe gwangwanin da nake zaton ganyen shayi ne a ciki, ta ciro tabarau, ta sa, ta dube ni. Wai bara ta yi su. Mai Agogo ne ya kwatanta mata likitan.

Na ce, “Shi ma ya sani?” Ta ce, “Malam, tun ranar da ya ba ka katin bikin ɗansa ka riƙe shi a kife kana yaba rubutun. Layin nan kaf sun sani. Har mai kawo burodi.”

Na zauna a kan buhun shinkafa. Na ce to me ya hana Auta ta gaya mini? Ta ce, “Alkawari ta yi maka, ta karya. Kunyarka take ji. Ta ce mini gara aikin ya wuce da ta tsaya gabanka ta ce ta tona maka asiri.”

Wato ni ina riƙe ta saboda allura, ita tana shirin barin aikinta don ta rufa mini asirin da har mai burodi ya sani.

Kunya ta kama ni, ba ƙarama ba. Amma ba ta daɗe ba. Abin da ya biyo bayanta sauƙi ne, irin na wanda ya yini da takalmin da ya matse shi ya samu ya cire. Na yi dariya har sai da uwarta ta ce in tashi mata daga kan shinkafa.

Juma'a, 12 ga Satumba

Auta ta dawo. Ta durƙusa ta gaishe ni, kanta a ƙasa. Na ce ta kawo takardar ta karanta mini da ƙarfi, daga sama har ƙasa. Ta dubi uwarta, uwarta ta dubi rufi. Ta karanta. Akwai hutun ranar Lahadi, akwai izinin jarrabawa, abubuwan da da na karanta tun ranar farko da ban yi ta surutu ba.

Na ɗauki biro na ce, “Sa mini yatsa a wurin, ba na gani.” Karo na farko ke nan da na faɗe shi da bakina. Rufin gida bai faɗo ba.

Ta ce, “Baba, ka yafe mini.” Na ce ita za ta yafe mini maganar shekaranjiya. Na ƙara da cewa abin da ba zan yafe ba shi ne barin uwarta tana cinye mini zare.

Talata, 16 ga Satumba

Mai Agogo ya rufe shagonsa ya raka ni wurin likitan ido. Duk hanya ina jira ya rama. Har muka fito bai rama ba. Sai da muka tsaya jiran mota ya ce, “Barka da zuwa cikinmu.” Shekara ashirin yana ajiye da ita.

Asabar, 20 ga Satumba

An kai Auta gidajen ma'aikata. Akwati ɗaya, bokiti, littattafai, sai labulen da na ɗinka mata, don ba zan iya barin 'yata a bayan wancan karkataccen ba. Dattijuwar ta riga ta share mata rabin ɗakin. Uwarta ta yi kuka a mota, ni na yi ta kallon taga.

Gidan ya yi shiru. Ba shirun da na ji tsoro ba ne, amma shiru ne.

Laraba, 24 ga Satumba

Tabarau sun iso. Na duba ramukan maɓallin da na yi makon jiya. Allah ya saka wa masu kawo mini ɗinki da alheri, mutane ne masu haƙuri.

Talata, 30 ga Satumba

Yanzu ina sa zare da kaina, jefa ɗaya. Na ce wa uwarta fari da masu launi ba matsala, baƙin ne har yanzu yake ɗan ba ni wuya. Ta ce, “To.” Don haka kullum da safe tana shigowa shago da shayinta, ta zauna a kujerar masu jira, ta sa guda shida, mu yi hira kafin mutane su fara zuwa. Rabon da mu zauna haka tun yara suna ƙanana.

Baƙin ma ina ganinsa sarai.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Auta ta zo tun safe. Ta yi kumatu. Wai sai biyar da rabi take tashi, minti biyar ya kai ta wurin aiki da ƙafa. Ta ci gwajin da suka yi a aji, ita ce ta uku. Ta yi ta ba mu labarin wani babban mutum da ya suma da ganin allurar ɗibar jini, tana kwaikwayonsa, uwarta har da riƙe ciki. Ban san tana da surutu haka ba. A nan kullum a gajiye muke ganinta.

Ta kawo farar rigar aikinta, aljihu ya ɓarke. Na gyara tana kallo. Ta dubi tabarau ɗina, ta miƙo hannu ta daidaita mini su a hanci.

Wajen ƙarfe huɗu uwarta ta fara cewa ko ta kwana, ta yi sammako. Ni ne na ce a'a, ta tashi tun motoci ba su cika ba, gobe tana da aiki, masu jinya ba za su jira ta ba. Su biyun suka dube ni. Na ce me ye, ai ni na san hanyar nan, na bi ta.

Na raka ta tasha, na riƙe mata jaka. Mota ta zo, ta samu wurin zama, ta ɗago mini hannu. Na yi niyyar tsayawa har motar ta sha kwana, sai na tuna na bar wando a kan teburin guga, na juyo.

Uwarta ta ce wai tun daga bakin layi ta jiyo ni ina fito. Ban yarda ba. Wataƙila Mai Agogo ne.